Daga Bakin Allo: Tafiyar Da Ba Biki Ba Rasuwa

Waɗanda suka nemi wannan fili a fitowar watan jiya suka rasa, ina neman gafararsu. Edita ya gaya mini har wani bawan Allah ya aiko da wasiƙa yana tambaya ko rashin lafiya ce ta kwantar da ni. Lafiyata lau, alhamdu lillahi. Tafiya muka yi ni da uwargida, ta kwana 9, a cikin dogon hutun makaranta na watan Agusta. Tun kafin a tambaye ni bari in ba da amsa: babu wanda ya rasu, babu wanda aka yi wa aure, ba suna, ba saukar karatu, ba kuwa fatauci ya kai ni ba. Ganin ƙasa kawai muka tafi.

Ga yadda abin ya samo asali. Wani dare a cikin watan Satumba na bara ina zaune ina shirya darasin gobe, taswirar Gana na shimfiɗe a kan tabarma, sai uwargida ta gama wanke-wanke ta zo ta tsuguna tana dubawa. Ta ce, "Malam, ina Salaga a nan?" Na ɗora mata yatsa a kai. Ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta ce, "Ashe ba ta da nisa." Ni kuwa da halin malanta sai na shiga yi mata bayani, na ce ai tun da kin san Tamale, to kudu maso gabas take da ita. Ta yi dariya ta ce, "Wace Tamale na sani? Sau 3 na je. Daga tasha sai gidan biki, daga ƙofar gida sai bakin murhu, in an watse a sa mu a mota. In ka tambaye ni tukwanen Tamale zan gaya maka, amma garin ban gan shi ba."

Maganar nan ta hana ni barci. Shekararmu 17 da aure, 'ya'yanmu 4, ina koya wa 'ya'yan mutane koguna da duwatsun ƙasar nan, alhali matata ba ta taɓa fita Kumasi ba sai an mutu ko an ɗaura aure. Kashegari na shiga adashi, wanda a nan muka fi sani da susu, ina zuba sidi 400 duk wata daga ɗan abin da nake samu na karatun yamma. Wata 11 ina zubi ban gaya mata ba.

Da lokaci ya matso na kai zancen majalisarmu ta bayan la'asar a Aboabo, sai da na yi da-na-sani. Na farko ya ce, "Malam, wa ya rasu a Salaga?" Na biyu ya ce wannan ai yawon Nasara ne. Wani tela ya fito da wayarsa ya lissafa mini buhunan simintin da kuɗin za su saya. Wani dattijo kuwa ya ja ni gefe ya ce in yi hattara, mace in ta saba da fita ba ta ƙara zama. Na tuna musu cewa Manzon Allah (SAW) yakan yi tafiya da iyalinsa, har ya taɓa yin tseren gudu da Nana A'isha a kan hanya. Aka yi shiru, amma na lura shirun na girmama hadisi ne, ba wai an yarda da ni ba.

Ban ga laifin dattawan nan ƙwarai ba. Zango dai asalinsa wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana ya wuce ne. Daɗin daɗawa, a cikin watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako 2 su bar ƙasar, aka kwashe mutane da yawa daga zangunanmu, har da waɗanda nan aka yanke cibiyarsu. Wanda ya ga wannan da idonsa, dole ya riƙa zama kamar mai jiran mota, kuɗinsa a ƙulle, ba ruwansa da kallon dutse ko rafi. To amma mu da aka haifa bayan haka, muke da katin ɗan ƙasa a aljihu, har yaushe za mu riƙa zama a ƙasarmu kamar baƙi?

Muka bar yara wurin mahaifiyata, muka tashi da asuba muka bi ta Techiman, kafin azahar muna Kintampo, garin da ake cewa shi ne tsakiyar Gana. A bayan gari akwai inda kogin Pumpum yake kwararowa daga kan dutse hawa-hawa, sai an sauka matakala fiye da 100 kafin a kai gindinsa. A nan ne cikin watan Maris na 2017 iska ta kayar da wani babban itace a kan masu wanka, mutum kusan 20 suka mutu, yawancinsu 'yan makaranta. Ni da na sha fita da ɗalibai, sai da na tsaya na yi shiru na ɗan lokaci. Uwargida kuwa ta cire takalmi ta tsoma ƙafa, feshin ruwa na jiƙa mata mayafi, tana ta ƙyalƙyala dariya irin wadda rabona da jinta tun muna ango da amarya. Muka kwana a zangon garin wurin wata ƙawarta da suka yi makarantar allo tare, wadda rabonsu da juna shekara 12. Har na yi barci na farka ina jiyo hirarsu.

Kashegari muka haye gadar Baƙin Volta a Buipe, muka karya yamma a mararrabar Fufulso, muka wuce Damongo, hedkwatar jihar Savannah da aka ƙirƙiro a 2019, sai ga mu a Larabanga. Masallacin garin na ƙasa ne, fari fat, da itatuwa sun leƙo daga jikin bangonsa, ga wata tsohuwar kuka a gefe. Mutanen garin suna cewa a 1421 aka gina shi. Ɗan ƙarami ne, ƙofofinsa sai mutum ya sunkuya, amma duk wanda ya gan shi ya san Musulunci ba jiya ya zo ƙasar nan ba. Daga nan zuwa ƙofar gandun dajin Mole tafiyar 'yan mintoci ce.

Mole shi ne gandun daji mafi girma a Gana, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,500, kuma tun 1971 yake da wannan matsayi. Masaukin baƙi na kan wani tudu mai gangare, daga bakinsa kana hango tafkunan da namun daji ke zuwa shan ruwa. Ana shiga dajin da mota, ana kuma shiga da ƙafa, da safe ko da yamma, tare da ma'aikacin gandu mai bindiga. Muka zaɓi ƙafa, don ta fi araha. Ba a yarda a shiga da silifas ba, saboda haka sai da aka ba uwargida hayar dogon takalmin roba irin na masu aikin fadama. Ku dai ƙiyasta mace da hijabi har ƙasa, ga wannan takalmi. Ta ce in na kuskura na ɗauke ta hoto a haka, to in nemi mai yi mini tuwo.

Tun a daren na yi ta ja mata kunne cewa tafiyar awa 2 ce, in ta gaji ta faɗa kada ta ji kunya. To jama'a, ni ne aka riƙa jira. Damina ce, ciyawa ta kai ƙugu, ƙasa na santsi, tsando na cizo ta cikin riga. Ba mu yi rabin awa ba na fara haki, ita kuwa tana bin ɗan rakiyarmu sau da ƙafa. Ashe wadda take zuwa kasuwar Kejetia a ƙasa ta komo da kaya a ka, ba tsarar mai tsayuwa gaban allo ba ce. Wajen hawowa tudun nan ita ta miƙo mini hannu, na duba babu ɗan majalisarmu ko ɗaya a kusa, na kama.

Mun ga gwaggon biri garke guda, da gadu, wato mugun dawa, suna kiwo a durƙushe a kan gwiwa. Mun ga mariya da mazo, namun da yaranmu na zango ba su san ko sunansu da Hausa ba. Ɗan rakiya ya riga ya gaya mana kada mu sa rai da giwa, domin da damina ruwa ko'ina akwai shi, sai su bazu cikin daji, da rani ne suke taruwa a bakin tafki. Amma muna cikin dawowa sai ya tsaya ya nuna mana kashi ɗanye yana tururi, ya sa yatsa a baki alamar mu yi shiru. Muka zagaya wani kurmi, sai ga giwaye 3 sun fito daga wanka, baƙi ƙirin da laima, suna karya rassa kamar mai karya tsinken sakace. Uwargida ta riƙe gefen rigata tana ta salati a hankali. Bayan mun yi nisa ya yi mana bayani cewa giwa takan ci ganye da ciyawa fiye da kilo 100 a yini, tana ɗaukar ciki wata 22, kuma garken uwaye da 'ya'ya tsohuwar mace ce take jagorantarsa, ita ta san inda ruwa yake. Uwargida ta waiwayo ta ce, "Malam, ka dai ji ko?" Na ce na ji.

Bayan kwana 2 muka komo Fufulso, muka haye Farin Volta a Yapei, muka shiga Tamale. Muka sauka gidan wani abokina da muka yi kwalejin horon malamai ta Bagabaga tare, ɗaki ɗaya, kwano ɗaya. Shekara 9 muna gaisawa ta waya kawai, kowa na cewa sai na zo. Da na gan shi da furfura, ya gan ni da tumbi, sai muka tsaya muna yi wa juna dariya. Lalle zumunta a ƙafa take. Matarsa ta zaga da uwargida babbar kasuwa, da wurin masu saƙar rigunan nan na arewa, da wurin mata masu man kaɗanya. Ta dawo da yamma ta ce, "Yau dai na ga Tamale."

A dare na biyu na roƙi masu masaukinmu kada a sa sanwa da mu, na ɗauki uwargida mu kaɗai zuwa wani gidan cin abinci. Da ƙyar ta yarda ta shiga, da muka shiga kuwa ta zaɓi kujerar da ke fuskantar bango, wai kada a ga matar aure tana cin abinci a waje. Da yarinyar wurin ta taho da tire, sai ga uwargida ta miƙe za ta taya ta ɗauka, sai da na ce ta zauna. Muka sa aka kawo tuwo zafi da miyar ayoyo da gasasshen zabo. Kafin ta sa hannu sai da ta tambayi kuɗin, ta lissafa ta ce wannan ai cefanen gidanmu ne na kwana 3. Ta ɗanɗana miyar ta ce daddawa ta yi kaɗan. Ni kuma na shiga yi mata lacca cewa tuwo zafin nan, da koko, da ƙosai, da shinkafa da waken da duk Gana ke kira waakye, duk sunayensu daga bakin Hausawa aka ɗauka.

Ba ta tanka mini ba sai da ta cinye. Sa'an nan ta wanke hannu ta ce, "Malam, ka san abin da ya fi mini daɗi? Yau na ci abinci da zafinsa." Na ce kamar yaya. Ta ce a gida sai ta zuba mini, ta zuba wa yara, ta aika wa tsohuwa, ta raba faɗa, ta kankare tukunya, kafin ta zauna tuwo ya sandare. Ina zaune na buga lissafi a zuci: in sau 2 kawai take ɗora tukunya a yini, cikin shekara 17 ta ɗora fiye da sau 12,000. A cikin wannan duka ban taɓa lura da lokacin da take cin nata ba.

Daga Tamale muka nufi Salaga, tafiyar kilomita 100 da 'yan kai. Duk Bahaushen Gana ya kamata ya san garin nan, domin da yawa daga cikin zangunanmu daga nan suka tsiro. A ƙarni na 19 Salaga ita ce babbar kasuwar ƙasar Gwanja. Fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno sukan yi watanni a hanya da jakuna, madugu na gaba, su kawo kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, su sayi goron da ake kawowa daga kurmin Asante. Bayan da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874 hanyar goro ta fara kaucewa garin, sa'an nan yaƙin basasa na 1892 ya watsa jama'a, wasu suka yi Yeji, wasu Kintampo, wasu Kete-Krachi, cikinsu har da shahararren malamin nan Alhaji Umaru, wanda ya rasu a can a 1934.

Wani tsohon abokin aikina da aka mayar da shi can shi ya sauke mu, ya haɗa mu da wani saurayi ya zaga da mu. Ni kuwa baki ya ƙi rufuwa. Duk inda muka tsaya sai in ce nan kakanninmu suka sauke kaya, nan kakanninmu suka yi ciniki, domin a gidanmu muna alfahari da cewa kakan kakana Bakano ne, bafataken goro. Saurayin ya kai mu tsofaffin rijiyoyin garin, da filin da aka sayar da bayi, wanda aka gyara a 2024 domin masu ziyara. Ya gaya mana cewa ba goro kaɗai aka yi ciniki a Salaga ba. A shekarun 1880 mayaƙan Zabarmawa, waɗanda Babatu ya shugabanta, sun yi ta kai hari ƙasar Gurunshi suna kamo mutane, da yawansu a nan aka sayar. Sa'an nan ya kai mu wani wuri a bayan gari inda akan wanke bayi a shafa musu man kaɗanya kafin a shiga da su kasuwa. Sunan wurin har yau da Hausa yake: Wankan Bawa. Akwai kuma inda akan jefar da gawar waɗanda suka mutu, shi ma da Hausa ake kiransa: Rafin Angulu. Harshen da aka raɗa sunayen nan da shi ya isa ya gaya maka su wa ke cikin cinikin.

Tun da muka shiga garin uwargida ba ta ce uffan ba. A Wankan Bawa ta samu wuri ta zauna, ta bari saurayin ya yi gaba, sa'an nan ta ce, "Malam, tun safe kake cewa kakanninmu, kakanninmu. Naka da jakuna suka zo garin nan. Tawa da igiya aka kawo ta."

Na zauna kusa da ita. Ta ce kakarta ta wajen uwa ce ta ba ta labarin tata kakar, wata tsohuwa mai tsage a fuska wanda ba irin na Hausawa ba. Tana yarinya aka kama ta a gona tana korar tsuntsaye, aka kawo ta Salaga, wani bafatake ya saye ta ya sa ta a ɗaka, daga baya ya taho da ita kudu. Har ta mutu ba ta ƙara ganin kowa nata ba, kuma in zazzaɓi ya kama ta sai ta riƙa magana da wani yare da babu mai ji a gidan. Ta ce a gidansu ba a faɗin wannan magana, don gudun kada 'yan matan gidan su rasa mazan aure. Na ce me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba? Ta ce, "Yaushe muka zauna? Kai kuma ka taɓa tambaya?"

Jama'a, ban sami amsa ba. Shekara da shekaru ina koya wa ɗalibai cinikin bayi, ina nuna musu hotunan Elmina da Cape Coast, kamar aikin Turawa ne su kaɗai. Na sha zama a inda ake binciken neman aure a zangon nan, a ce a duba asali, kowa ya san abin da ake nufi, ni ma in gyaɗa kai. Ashe jinin yarinyar nan da aka kamo daga gona yana jikin 'ya'yana 4. Muka ɗaga hannu muka yi mata addu'a, ita da sauran waɗanda ba a san sunansu ba. Da izinin uwargida na rubuta wannan, ta ce in rubuta, ta gaji da ɓoyo.

Ba mu koma ta Tamale ba. Muka gangara Makango muka shiga jirgin fito, muka haye tafkin Volta, wanda ya samu bayan an gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, muka sauka Yeji muka sayi busasshen kifi na tsaraba. Daga nan sai Atebubu, Ejura, Mampong, har Kumasi, wato tsohuwar hanyar da goro ke bi ke nan muka biyo ta a juye. A cikin jirgin ta ce mini ita ce za ta gaya wa yara labarin tsohuwar da bakinta, ba ni ba. Ta kuwa gaya musu a daren da muka iso.

To ga shawarata ga magidanta 'yan'uwana. Ba na cewa kowa sai ya je Mole, domin aljihu ba ɗaya ba ne. Mutumin Kumasi na iya kai iyalinsa tafkin Bosomtwe ko gidan tarihin fadar Manhyia su dawo a yini guda. Na Nima da Mamobi ga lambun Aburi nan kusa da su. Mai son ganin giwa ya bari sai rani, daga Disamba zuwa Afrilu, ya tafi da rufaffen takalmi. A sauka wurin 'yan'uwa da abokai, kuɗin masauki ya ragu, zumunci ya ƙaru. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a bar yara a gida ko da na yini ɗaya ne, a tafi inda babu tukunyar da za ta ɗora, a zauna a saurare ta. Siminti ban saya ba bana, ɗakin da nake son ƙarawa yana nan a tubali 5 kamar yadda na bar shi, kuma ban yi nadama ba.

Telan nan da ya lissafa mini buhuna, shekaranjiya bayan sallar isha'i ya biyo ni har ƙofar gida. Ya waiga hagu da dama, sa'an nan ya rage murya ya ce, "Malam, don Allah nawa ne kuɗin mota zuwa Kintampo, na mutum 2?" Na gaya masa, na kuma yi masa alkawari ba zan faɗa a majalisa ba.

Iyaye mata masu karanta wannan fili, ina jiran wasiƙunku ta hannun Edita: a ina kuke so a kai ku? Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.